Fashin baƙi: Tsoho ya karye a ƙugu, tiyata za a yi ko ɗori?

Da wuya wata ya shuɗe a Katsina ba ka ci karo da irin wannan sanarwa ba, ko a masallacin unguwa bayan Magariba, ko a zauren WhatsApp na dangi: wata dattijuwa ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, likitoci sun ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuɗin kuma ya fi ƙarfin 'ya'yanta. Kafin a tara rabin kuɗin, gardama ta riga ta raba gidan biyu. Wasu na cewa ina tsohuwa mai shekara tamanin ina wuƙar likita, a kira mai ɗori, ai da shi iyaye da kakanni suka warke. Wasu na cewa a bi maganar asibiti. Wannan ya kawo labarin maƙwabcinsa da aka yi wa aiki ya miƙe, wancan ya kawo na kawunsa da bai ƙara lafiya ba tun da aka fito da shi daga ɗakin tiyata.

Me ya sa likitoci ke gaggawar yi wa tsoho tiyata, alhali shi ya fi kowa rauni? Me ya hana ɗori kama wannan karaya? Kuma me ya sa mutum biyu za su karye a wuri kusan ɗaya, a ɗaure wa ɗaya ƙashinsa da kusoshi, ɗayan a cire masa kan ƙashin a sa na ƙarfe?

Wane ƙashi ne yake karyewa?

Abin da muke kira karayar ƙugu, galibi ba faffaɗan ƙashin ƙugun ne ya karye ba. Saman ƙashin cinya ne. Ƙashin cinya ya fi kowane ƙashi tsawo da ƙarfi a jikin mutum, amma can samansa ya lanƙwasa ya yi siririn wuya. A ƙarshen wuyan akwai mulmulallen kai da ke zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, yana juyawa kamar kan taɓarya a cikin turmi. Duk nauyin mutum, in ya miƙe tsaye, ta wannan wuyan yake bi kafin ya sauka ƙafa.

Karayar na faɗawa a ɗaya daga wurare uku: ko a wuyan kansa, ko a gindin wuyan inda ƙashin ya yi kauri ya fitar da tudun nan da mutum ke ji yana danna shi in ya kwanta ta gefe a kan tabarma, ko kuma ƙasa da tudun kaɗan. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba, amma ita ke yanke irin aikin da za a yi. Dalili kuwa jini ne. Jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin a jikin wuyan suke hawa. In wuyan ya karye ya goce, sai su tsinke, kan ƙashin ya rasa abincinsa. Ƙashin da jini ba ya isa gare shi ba ya haɗewa ko da me aka ɗaure shi. A hankali yake mutuwa ya lotsa. Gindin wuyan kuwa nama ya kewaye shi, jini na isarsa a wadace, saboda haka in an daidaita shi an riƙe shi da kyau yakan haɗe cikin kimanin wata uku.

Ana iya gane karayar tun a gida. Ka yaye zanen da aka lulluɓe ta da shi, ka dubi ƙafafun biyu a jere. Ɗaya ta ɗan gajarce, tafinta ya kwanta yana kallon waje, ƙaramin yatsan kusan yana taɓa katifa. Ka ce ta ɗaga dunduniyar, ba za ta iya ba. Zafin a matsematsi yake, wani lokaci kuma a gwiwa za ta nuna maka, shi ya sa ake yawan cewa targaɗe ne a yi ta shafa man zafi a gwiwa. Akwai ma wadda ƙashin ya tsage ya cushe cikin juna bai goce ba, tana iya ɗingisawa kwana biyu ko uku kafin ya rabu. Duk tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya ƙaryata. In hoton farko bai nuna komai ba kuma zafin bai sauka ba, likita kan nemi hoton CT ko MRI, waɗanda suka fi na farko nuna ƙashi dalla-dalla, don siririyar tsagewa takan ɓuya.

Me ya sa ƙaramar faɗuwa ke karya tsoho?

Saurayi sai mota ta buge shi kafin wannan ƙashin ya karye. Tsoho kuwa santsin tayil ya isa, ko tuntuɓe da dokin ƙofa, ko zamewa yayin sauka daga babur. Ƙashi abu ne mai rai, jiki na rushe tsohon sashe yana gina sabo. Da shekaru suka ja, rushewar ke rinjayar ginin, cikin ƙashin ya yi ta zama huji-huji ba tare da wani ciwo ya sanar da mai shi ba. Mata abin ya fi shafa, domin bayan ɗaukewar al'ada sinadarin da ke kare musu ƙashi yana raguwa sosai. A ƙasashen da ake ƙidayar wannan karaya, kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita mata ne.

Akwai wani abu namu na nan da nake so a lura da shi: haɗin kemis. Tsohuwa ta yi kukan sanyin ƙashi, jika ya je kemis a ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala, a cikinsu sau da yawa akwai deksametazon ko firedinisolon. Zafi ya lafa, kumatu su cika, a ce magani ya karɓe ta. Amma shan waɗannan na tsawon watanni yana cinye ƙashi, yana kuma tayar da suga da hawan jini. Sai a haɗa da yanar ido, da jirin da wasu magungunan hawan jini ke sawa in an miƙe da sauri, da fita kewayawa da asuba cikin duhu da buta a hannu.

Me ya hana ɗori kamawa?

Masu ɗori sun daɗe suna yi wa al'umma hidima tun kafin a san asibiti. Suna kusa, suna da sauƙi, suna zuwa har gida, kuma suna magana da tsoho cikin girmamawa, abin da ba kullum ake samu a layin ganin likita ba. Ba laifin iyali ba ne in zuciyarsu ta fara zuwa can.

Amma a dubi yadda ɗori ke aiki. Ana jera kara a kewaye da gaɓa, a ɗaure sama da ƙasan karayar, ƙashin ya zauna wuri ɗaya har ya haɗe. Wannan na yiwuwa a damtse ko ƙwauri. A ƙugu, guntun sama gajere ne ƙwarai, yana can cikin gurbinsa ƙarƙashin nama mai kauri, babu inda kara zai kama shi. Ko a asibiti ba a sa wa tsoho filasta a wannan wurin saboda dalili ɗaya. Jan ƙafar da murza ta kuwa na iya gocar da karayar da ba ta goce ba, ya tsinka jijiyoyin da suka rage. Ta haka ne wanda kusoshi uku za su wadatar da shi a makon farko yake komawa mai buƙatar sabon kan ƙashi a wata na biyu, kuɗi ya ninka, jiki kuma ya riga ya raunana.

To waɗanda aka ce sun warke a ɗori fa? Akwai su. Wanda karayarsa a gindin wuya take, in ya jure kwanciyar, ƙashin na iya haɗewa, sai dai galibi ƙafar ta gajarce ta karkace. Wani kuma dama ba karaya ba ce. Waɗannan su ake gani ana ba da labarinsu. Wanda ya kwanta wata biyu ya rasu da tari da gyambo, ba mai danganta rasuwarsa da faɗuwar. Sai a ce tsufa ne.

Tsoron nan na cewa asibiti yanke ƙafa suke yi ma ya kamata a warware shi. Ba a yanke ƙafa don karayar ƙugu. Yankewa kan biyo bayan ɗaurin da ya matse har jini ya daina zagayawa nama ya ruɓe, a kawo mutum a makare.

Abin da kwanciya ke yi wa tsoho

In ka ji babban ɗa ya ce, "Ku bar Inna ta kwanta, da muguwar rawa gara ƙin tashi," tausayi ne ya sa shi faɗa. Sai dai a wannan lamarin kwanciyar ce babban haɗarin, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yi wa likitoci mummunar fahimta.

Jikin tsoho ba ya jure zama wuri ɗaya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana goma kacal, aka tarar naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo ɗaya. Wannan masu lafiya ke nan, ba masu karaya ba. Mai karaya ba ya son a juya shi saboda zafi, sai fatar gadon baya da ɗuwawu da dunduniya ta fara ja, ta saɓule, ta zama gyambon da ke iya kai wa ga ƙashi. Ba ya iya yin tari da ƙarfi a kwance, majina ta taru a huhu ta zama nimoniya. Jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, mutum ya tafi farat ɗaya. Fitsari ya kamu da cuta. Cin abinci ya ragu, har wasu su riƙa ƙin shan ruwa da gangan don kunyar a tara musu tasa. Daga nan sai ruɗewa, tsohon da ke cikin hankalinsa jiya ya fara kiran sunayen waɗanda suka rasu.

Ko a ƙasashen da ake yi wa kusan kowa aiki da wuri, tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara. Waɗanda ba a yi wa aiki ba, rabonsu ya fi haka muni. Ajali na hannun Allah, babu mai musun wannan, amma an umarce mu da neman magani, kuma maganin a nan shi ne abin da zai tayar da mutum daga shimfiɗa. Manufar tiyatar ke nan: a kashe zafin, a zaunar da shi washegari, a tsayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ƙa'idar Ingila ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, likitocin ƙashi na Amurka kuma suka ce cikin awa 24 zuwa 48.

In za a riƙe ƙashin mutum da ƙarfe

Hanya ta farko ita ce a bar wa mutum ƙashinsa, a daidaita shi, a riƙe shi daga ciki.

In wuyan ne ya tsage bai goce ba, ana zura dogayen kusoshi masu zare, yawanci uku, ta ɗan ƙaramin yanka a gefen cinya, su ratsa wuyan su kama kan. Aiki ne gajere, jini kaɗan ake zubarwa. Rauninsa shi ne, ko an yi shi daidai, wani lokaci ƙashin ya ƙi haɗewa ko kan ya mutu daga baya, a koma a yi canji. Ga mai sauran ƙuruciya, wanda bai kai sittin ba, likitoci kan yi ƙoƙarin ceto ƙashinsa ko da ya goce, don ƙashin mutum ya fi kowane ƙarfe daɗewa.

In a gindin wuya ne, akwai ƙarfen da za ka ji likitoci na kira DHS. Ƙatuwar kusa ce guda ake shigarwa cikin kan ƙashin, gindinta na zaune cikin wani bututu da ke haɗe da faranti, farantin kuma a ɗaure shi a jikin ƙashin cinya da ƙananan kusoshi. Hikimarsa ita ce kusar na zamewa cikin bututun. Duk lokacin da mutum ya taka, ɓangarorin biyu sai su ƙara matsuwa da juna, matsuwar kuma ita ke sa ƙashi haɗewa. Wato takawar ma magani ce.

In kuwa ƙashin ya farfashe gida-gida, ko karayar ta sauka ƙasa da tudun, faranti ba ya riƙewa sosai. Sai a zura sandar ƙarfe ta cikin ramin ɓargo daga sama, a ratsa ta da wata kusa zuwa kan ƙashin, a kulle ta a ƙasa. Ta fi faranti tsada, kuma tana buƙatar na'urar ɗaukar hoto a cikin ɗakin tiyata, wadda likita ke kallo yayin da yake aiki.

In za a canza: rabi ko duka?

Ga tsohon da wuyan ƙashinsa ya karye ya goce, jiran haɗewa caca ce, kuma tsoho ba shi da ƙarfin tiyata biyu. Sai a cire mataccen kan, a dasa ƙarfe mai doguwar jela cikin ramin ƙashin cinya, da mulmulallen kai a samansa, a mayar da shi cikin gurbin mutum na asali. Wannan shi ne canjin rabi, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa hemi. Babu abin da ake jira ya haɗe, don haka mutum na iya taka ƙafar da nauyinsa tun washegari.

Shi ma iri-iri ne. Akwai tsohon samfuri mai suna Austin Moore, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro shi, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1950. Har yau ana sa shi a Najeriya saboda ya fi araha, ko da yake a Ingila an shawarci likitoci su bar shi, don yakan yi sako-sako a cikin ƙashi ya riƙa sa ciwon cinya. Akwai sababbi da ake kafawa da wani irin siminti na musamman na ƙashi. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 2022, ya nuna masu siminti sun ɗan fi jin daɗin jikinsu, kuma ƙashin cinyarsu bai cika fashewa a kewayen ƙarfen ba. Simintin na da nasa haɗarin, don yakan sa jini ya faɗi a lokacin da ake zuba shi, musamman ga mai ciwon zuciya.

Canjin duka kuwa, har gurbin ake gogewa a sa masa kofi mai rufin roba mai tauri. Likitan Ingila John Charnley ne ya daidaita wannan aiki a farkon shekarun 1960. An fi yin sa ga tsohon da kafin faɗuwar yake zuwa kasuwa da masallaci da ƙafarsa, ko da sanda ɗaya, hankalinsa garau, jikinsa zai ɗauki doguwar tiyata, ko wanda dama gurbin nasa ya riga ya cinye da amosanin gaɓɓai.

A nan iyalai masu hali kan yi kuskure, su ɗauka mafi tsada shi ne mafi alheri. A 2019 an buga sakamakon wani bincike da ya haɗa mutum 1,495 a ƙasashe goma, aka yi wa wasu rabi wasu duka, aka bi su shekara biyu. Waɗanda aka sake yi wa tiyata a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, wajen kashi 8 cikin ɗari. Amma gocewar gaɓa ta kusa ninkawa a wurin masu canjin duka. Ga mutanen da rayuwarsu ta zaman tabarma ce da tsuguno, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ganina, ga yawancin iyayenmu da suka haura saba'in da biyar, canjin rabi ya wadatar, kuma kuɗin da ya rage gara a kashe shi a jinya da gashin ƙashi da abinci mai kyau.

Ƙarafan nan ba irin na maƙera ba ne. Da titaniyom ake yin su, ko baƙin ƙarfe marar tsatsa, ko gaurayen kobal da kuromiyom. Ba sa tsatsa a jiki, ba sa jawo tsawa, kuma ga tsoho ba a cire su sai in sun kawo matsala.

"Likita, za ta iya ɗaukar aikin nan?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba a shekaru take ba. Ana yi wa masu shekara casa'in wannan aiki. Abin dubawa shi ne zuciya, huhu, ƙoda, suga, hawan jini da yawan jinin jiki. Karayar gindin wuya na zubar da jini a ciki ba a gani, shi ya sa ake cewa dangi su tanadi leda ɗaya ko biyu. Abin da za a iya gyarawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a gyara a shiga. Jiran sai komai ya daidaita tsaf shi ne jiran da ke ƙarasa mutum.

Mutane da yawa tsoron maganin barci suke, wai tsoho ba zai farka ba. Sau da yawa ba a ma sa shi barci. Allura ake yi a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na 'yan awoyi, yana ji yana gani. Wani bincike na mutum 1,600 a Amurka da Kanada a 2021 bai sami bambanci ba tsakanin hanyoyin biyu wajen rayuwa da komawa tafiya bayan kwana 60. Sai a bar wa likitan da ke kula da wannan fanni ya zaɓa.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa tiyata ba ta da haɗari. Ciwon na iya ɗaukar ƙwayar cuta, kuma in cuta ta kama ƙarfe, jinyarta doguwa ce mai cin kuɗi. Kusa na iya huda kan ƙashi mai laushi ta fito. Ana iya samun bugun zuciya ko ruɗewa bayan aiki. Akwai kuma wanda bai kamata a taɓa shi ba: wanda dama yana gargara da wata cutar, ko ya daɗe ba ya tafiya kuma karayar ba ta sa shi zafi sosai. Irin wannan a ba shi maganin zafi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a zaunar da shi gwargwadon iko.

Wani abu da ke damuna shi ne yadda ake yanke hukunci a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya, maza sun yi da'ira, ana jiran Yaya ya kira daga Abuja, ita kuwa mai ƙafar tana ciki ba wanda ya tambaye ta. In tana cikin hankalinta, a durƙusa a yi mata bayani da Hausar da za ta gane: "Inna, likita ya ce in an yi aikin, jibi za ki zauna a kujera ki yi sallarki." Sau da yawa abin da take tsoro ba mutuwa ba ne, zama nauyi ne a kan 'ya'yanta mata da surukanta, waɗanda su ne za su yi ta ɗauka da wanki amma ba a cika jin ta bakinsu ba.

Kuɗi, da inda za a nufa

Gaskiyar da ke ƙarƙashin yawancin gardamar ita ce kuɗi. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita. Ƙarafan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Wani lokaci wanda ke cewa "tsohuwa ba za ta iya ba" abin da yake nufi shi ne "ba mu da shi", kunya ta hana shi faɗa. Gara a faɗa wa likita a fili, domin akwai ƙarfe mai sauƙi da zai iya tayar da mutum, kuma mai sauƙi a wannan makon ya fi mai tsada bayan wata guda. Wanda ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko inshorar tarayya ya tambaya tun ranar farko me tsarin ya ɗauka, me ya bar masa.

A cikin birnin Katsina akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da kuma Asibitin Janar Amadi Rimi, wanda Katsinawa ke kira asibitin ƙashi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959. Wanda ya taso daga Daura ko Mani ko Dutsi, a kwantar da majinyacin a miƙe, a sa filo tsakanin ƙafafunsa a ɗaure su sako-sako, kada a naɗe shi a kujerar baya. Duk inda aka je a tambayi abu uku: a ina karayar take kuma ta goce ko ba ta goce ba, wane aiki za a yi kuma yaushe, sannan yaushe zai fara takawa.

Bayan an fito daga tiyata

Rabin aikin a nan yake. Washegari ma'aikacin gashi zai zo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Za a zuro ƙafafun tsohuwa daga gado, ta zauna jiri ya sake ta, mutum biyu su riƙe ta ta hammata, ta miƙe tana salati, gumi na keto mata, ta yi taku biyu ko uku a mayar da ita. 'Ya'ya kan ji kamar su ce a ƙyale ta. Kada a ce. Waɗannan takun su ne abin da aka biya kuɗi domin su.

Za a ba da allura ko ƙwayar hana daskarewar jini na kimanin wata ɗaya; kada a yanke ta don an koma gida. A guji magungunan zafi irin su diklofenak da ibuprofen ba da izinin likita ba, suna taɓa ƙoda da cikin tsoho. A ba ta abinci mai gina jiki: ƙwai, wake, nono, kifi, nama, ba koko da shayi kaɗai ba.

Gidan ma sai ya canza. Wanda aka yi wa canji, musamman na duka, likita zai hana shi tsuguno da zama a ƙasa da harɗe ƙafa na wasu makonni ko watanni, don kada gaɓar ta goce. Katifar ƙasa ta koma kan gado. Masan tsuguno a ɗora masa kujera mai huji, kafinta ma na iya yin ta. A kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, a shimfiɗa abin hana santsi, a ajiye fitila kusa da gado. Alwala a zaune a kan kujera, sallah ma haka. Wasu tsofaffin kan ƙi, su ce sallar kujera ba ta cika ba, su saci jiki su yi sujada a ƙasa. A kira malamin da suke jin maganarsa ya tuna musu hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe.

Sai maganar ɗaya ƙugun. Ƙashin da ya karye da ƙaramar faɗuwa ya nuna sauran ma sun yi laushi, kuma wanda ya karye sau ɗaya ya fi kowa kusa da karaya ta biyu. Akwai magungunan ƙarfafa ƙashi: alendironet da ake sha sau ɗaya a mako, da zoledironet da ake ƙarawa ta jijiya sau ɗaya a shekara. A wani bincike na 2007 a kan waɗanda aka yi wa aikin ƙugu, na jijiyar ya rage sababbin karaya da kashi 35 cikin ɗari. Ana haɗa su da sinadarin kalsiyam da bitamin D, bayan an duba lafiyar ƙoda. Ba kowane likita ne zai tuna ya rubuta su ranar sallama ba, don haka iyali su tambaya da bakinsu, su kuma nemi a duba idon tsohon, a sake nazarin magungunan hawan jininsa, a kwashe ƙullin kemis ɗin nan daga ƙarƙashin filo.